Garin da Ba Nata Ba

Tabita Habila ta shekara goma sha huɗu tana buga tafireta a wata ma'aikatar gwamnati a Sakkwato. 'Yar kudancin Kaduna ce, aiki ne ya kawo ta. Tana haya a Gawon Nama, ciki da falo, a gidan wani dillalin shanu. Ba ta yi aure ba. Tun da iyayensu suka rasu ita ta riƙe ƙanenta Ishaya, ta sa shi makaranta, har ya girma ya shiga soja aka tura su Laberiya aikin kwantar da tarzoma.

Da ya zo hutu a ƙarshen shekarar 1991, ya zo da wata na'urar wasa da ake jona wa talabijin, da kaset ɗaya tak. A cikin wasan akwai wani ɗan mutum mai farin mayafi, riƙe da fitila, sunansa Bakuro. An sace ƙararrawar garinsu, Miraza, shi kuma sai ya haye gadoji bakwai ya ƙwato ta. Ishaya kan zauna a tabarma, ƙato da shi, yana latse-latse yana ihu.

"Yaya, zo ki gani! Bakuro ya haye gada ta biyar!"

"Kai dai ba ka girma," in ji ta daga wajen murhu. "Zo ka ci tuwo kafin ya huce."

Makonsa uku ya koma. Ya bar na'urar, ya ce ta ajiye masa, in ya dawo zai ƙarasa gadoji biyun da suka rage.

Bayan wata goma wani hafsa ya zo ofishinsu tare da faston cocinsu. Tana ganinsu tare ta zare takardar da ke cikin tafireta ta ajiye a gefe. Suka ce Ishaya ya rasu, an binne shi can. Daga baya aka kawo mata akwatinsa na ƙarfe, da takalmansa da Littafi Mai Tsarki a ciki. Matan zumunta suka yi kwana bakwai suna zuwa, suna waƙa suna kuka. Ita ba ta yi kuka ba. Ta dafa musu shayi, ta wanke kofuna, ran Litinin ta koma aiki.

Haka ta yi wata biyu. Ta tashi, ta hau kabu-kabu, ta buga takardu, ta dawo. Abinci ba ya mata ɗanɗano, amma tana ci. In an gaishe ta tana amsawa.

Wata rana da la'asar, akwai wuta, tana share ƙarƙashin tebur ta ci karo da na'urar. Ta jona ta kamar yadda ta ga yana yi. Kiɗan ya tashi, Bakuro ya fito a ƙofar gari da fitilarsa. Ta gwada, ya faɗa ruwa tun a gada ta farko. Ta sake, ya sake faɗawa. Duk lokacin da ya mutu wasan kan mai da shi ƙofar garin, inda wata 'yar mace ke tsaye bakin rijiya da tulu. Ba ta motsi, ba ta da suna. In Bakuro ya matsa kusa da ita, rubutu kan fito da Turanci, layi ɗaya: ka dawo kafin ruwa ya sauko.

Tabita ta daina ƙoƙarin haye gadar. Takan kunna, ta kai Bakuro wajen matar, ta bar su tsaye, ta zauna tana kallo har a ɗauke wuta.

A ofis aiki ya yi sanyi a lokacin, shekarar da aka soke zaɓe ce, yau yajin aiki gobe babu mai. In ta gama 'yan takardun da aka ba ta, sai ta sa farar takarda ta buga abin da ke kanta. Ta ba matar suna Tani. Ta rubuta abin da Tani ke yi bayan Bakuro ya wuce: yadda take ɗiban ruwa, yadda garin ya rikice da babu ƙararrawa har mutane suka daina sanin lokacin kasuwa, yadda maƙwabta ke ce mata ta haƙura. Ta rubuta gadojin biyar yadda ta gan su a hannun Ishaya. Na shida da na bakwai ba ta taɓa ganinsu ba, don haka ba ta kai labarin can ba. Cikin wata huɗu ta tara shafi tamanin da shida.

Hajjo, matar mai gidan, ita ta fara ganinsu. Mace ce mai surutu da son mutane, ta yi ajin yaƙi da jahilci tana babba, tun daga nan ba ta ganin rubutu ta ƙyale. Ta shigo da kwanon fura ta tarar da takardun a kan kujera.

"Malama, mi na na wannan tuli haka?"

"Ba komai ba ne, Hajiya. Shirme ne nake bugawa."

"Ba ni shirmen in gani."

Bayan kwana uku ta dawo da su a cikin leda, idonta ja.

"Wagga Tani ta hana ni aiki. Jiya miya tac ƙone ina zaune. Ke, shin ya dawo kuwa?"

"Ban sani ba."

"Ke kinka rubuta, kuma ba ki sani ba?"

"Ban sani ba, Hajiya."

Hajjo tana da wa, Alhaji Mati, mai ɗan gidan buga takardu a Ƙofar Taramniya. Katin biki da kalanda da rasit yake bugawa, amma ya daɗe yana jin yadda ƙananan littattafan Hausa ke tafiya a Kano, yana son ya gwada. Hajjo ta kai masa takardun ba ta ma tambayi Tabita ba. Ya aiko a kira ta.

"Malama Tabita, labarin ga ya yi," ya ce, yana goge baƙin tawada a hannunsa. "Ba irin wanda anka saba ba na. In kin yarda mu buga dubu ɗaya mu gani."

Ta ce to. Da zai ce a'a ma to ɗin za ta ce.

Ya tambaye ta hoton da za a sa a bango, ta ce ba ta da shi. Ya ce ina ta samo kamannin mutumin, ta kawo masa kaset ɗin. Mai zanensa ya kwafi hoton da ke jiki tsaf, Bakuro da fitila da gada, har da ɗan tambarin kamfanin da ke kusurwa da rubutunsu na Japan, don a ganinsa ado ne. Ya ƙara mace da tulu a gefe. Aka sa wa littafin suna Matar Miraza, a ƙasa aka rubuta Tabita Habila.

Ranar da aka kawo mata kwafi goma ta jera su a kan akwatin Ishaya. Ta duba sunanta, ta ga an rubuta daidai. Ta jira ta ji wani abu, ba ta ji ba.

Littafin ya tafi. Aka kai Gusau da Birnin Kebbi, wani ɗan kasuwa ya ɗauki ɗari uku ya kai Kano. Alhaji Mati ya sake buga dubu biyu. A coci mata suka fara kiranta marubuciya.

Wata na biyar da fitowarsa wasiƙa ta zo shagon Alhaji Mati daga wani ofishin lauyoyi a Legas. Shafi biyu ce, da Turanci mai nauyi. Ya hau babur ya same ta a ofis, abin da bai taɓa yi ba, hularsa a karkace.

"Karanta min wagga. Na ba mutum biyu, kowa da abin da yac ce."

Ta karanta a tsaye a baranda. Lauyoyin suna magana ne da yawun wani kamfanin Japan da ya ƙirƙiri wasan, da wakilinsa na Legas wanda shi kaɗai ke da izinin shigo da kayansu ƙasar. Mutanensu suna zagaya kasuwannin Kano suna neman kaset na jabu, suka ga littafin a rumfar wani mai littattafai. Sun ce hoton nasu ne, tambarin nasu ne, Bakuro da Miraza da gadojin duk nasu ne. Sun ba da kwana ashirin da ɗaya a daina sayarwa, a miƙa abin da ya rage da farantan bugu, in ba haka ba a haɗu a kotu.

"Japan?" in ji Alhaji Mati. "Mutanen Japan sun san da Ƙofar Taramniya? Mi munka yi musu?"

"Sun ce mun ɗauki abinsu."

"Ke ba ki ce min na wani na ba."

"Ba ka tambaye ni ba, Alhaji. Ni ma ban sani ba."

Ta ninke wasiƙar yadda ta zo ta miƙa masa. Ta koma ciki ta ƙarasa takardar canjin wurin aiki da take bugawa.

Washegari suka je wurin wani lauya, Barista Jibrin, a wani bene kusa da kasuwa. Fanka ba ta aiki, tagogi a buɗe, hayaniyar 'yan kabu-kabu na shigowa. Ya karanta wasiƙar, ya juya littafin gaba da baya, ya ɗora kaset ɗin kusa da shi ya dube su tare. Ya yi ɗan murmushi, ya ga ba wanda ya taya shi, ya bari.

"Maganar bango babu gardama," ya ce. "Hotonsu ne, har tambarinsu kun sa. Duk wanda ya gani zai ɗauka su suka fitar da littafin. Dokar haƙƙin mallaka da soja suka sa wa hannu 'yan shekarun nan ba ta wasa da irin wannan."

"To cikin fa?" in ji Alhaji Mati. "Ai ita tar rubuta shi, da hannunta. Ni shaida na."

"Cikin ne ake iya jayayya. Suna kaɗai, ba lallai alƙali ya ce na wani ne ba. Amma a nan ba suna kaɗai ba ne. Mutumin nasu ne da kamanninsa, garin nasu, ƙararrawar, gadojin a jere yadda suka tsara. Za a iya zuwa kotu a yi shekara uku ana kai da kawo. Su suna da ƙarfin haka. Ku fa?"



Tabita ta ce, "Barista, kaset ɗin na ƙanena ne. Saye ya yi."

"Kaset ya saya, Malama. Bai sayi garin ba."

Ta gyaɗa kai.

"Amma ki ji," ya ce, ya sassauta murya. "Wannan Tani, a wasan tana da suna?"

"Ba ta da shi."

"Tana da uwa? Tana da maƙwabta? Tana da wannan ciwon ƙafa da kika ba ta?"

"Tsayuwa kawai take yi."

"To duk wannan naki ne, babu mai ƙwace miki. Ki ɗauke ta daga garinsu ki kai ta wani gari. Ki canza sunan mutumin, ki karɓe fitilar, ki rushe gadojin. A yi sabon bango. Shi ke nan, littafinki ne."

"In na rubuta musu na roƙa fa? Su bar ni da sunayen kawai."

Ya ɗaga kafaɗa. "Rubutawa ba laifi ba ne. Ga adireshin kamfanin na Japan a ƙasan wasiƙar. Amma kada ki zauna jira."

Ta rubuta a ranar, shafi ɗaya. Ta gaya musu ko ita wace ce, da yadda na'urar ta zo hannunta, da abin da ya sami mai ita. Ta ce ba ta san laifi ba ne. Ta roƙi izinin sunaye biyu. Ta kai gidan waya da kanta.

Ranar da wa'adin ya cika, wakilin lauyoyin ya zo daga Kano. Malam Jinaidu sunansa, siriri mai tabarau, da jaka a hammata. Aka fito da ɗaurin littattafan da ba a sayar ba aka tara a tsakar shagon, dubu ɗaya da 'yan kai. Ya karɓi farantan bugun ya sa hannu. Daga nan Alhaji Mati ya kunna wuƙar yankan takarda, aka riƙa ɗora littattafan ashirin-ashirin ana raba su biyu. Wuƙar na sauka da ƙara ɗaya kowane lokaci. Alhaji Mati ya yi ɗauri uku ya fita waje ya bar ma'aikacinsa ya ci gaba.

Tabita ta zauna a benci tana kallo. Ba dole ba ne ta zo, Barista ya gaya mata, amma ta ɗauki hutun rabin yini ta zo.

Malam Jinaidu ya matso ya zauna a ƙarshen bencin.

"Ke ce marubuciyar?"

"Ni ce."

"Na karanta a mota. Wallahi aikina ne kawai, Malama. Matata ma ta karanta, ta ce in tambaye ki ko ya dawo."

"Ban sani ba."

Can ya ce ko zai iya ganin kaset ɗin, don ya rubuta a rahotonsa. Yana cikin jakarta tun ranar lauya, ta ciro ta ba shi. Ya juya shi, ya duba bayansa, ya kankare gefen takardar da farce.

"Wannan ma ba nasu ba ne," ya ce. "Jabu ne. Irinsa muke kamawa."

"Za ka tafi da shi?"

Ya dube ta, ya dubi kaset ɗin, ya miƙa mata. "Ba a rubuta min shi ba."

Kafin azahar an gama. Bangwayen Malam Jinaidu ya sa aka ƙona a bayan shago a gabansa. Tarin takardun ciki kuwa ya ce a yi yadda aka ga dama da su, tunda an yanka.

Alhaji Mati ba ya son asara, sai ya ba mahauta. Mako bai zagayo ba masu tsire da balangu a Gawon Nama suka koma naɗe nama da rabin shafukan Matar Miraza. Hajjo ce ta fara gani, a ƙunshin da mijinta ya shigo da shi. Ta ɗauki mayafi ta tafi har Ƙofar Taramniya ta yi wa wanta tas a gaban mutane, sannan ta dawo ta shiga ɗakin Tabita tana haki, da takardar mai maiƙo a hannu.

"Duba abin da Yaya yay yi! Ko kunya babu!"

Tabita ta karɓa. Rabin shafi na arba'in da ɗaya ne, inda Tani ke gyaran igiyar guga. Maiƙon ya sa takardar ta zama kamar gilashi, ana ganin rubutun baya ta gaba.

"Ki bar shi, Hajiya. Takarda ce."

"Ke wai ba ki jin zahin komi?"

Tabita ta yi tunani, don tana son ta ba ta amsar gaskiya. "Ina jin kamar ya kamata in ji," ta ce.

Hajjo ta zauna a bakin gado ta yi kukan ita kaɗai. Tabita ta kawo mata ruwa.

Ta yi gyaran cikin kwana tara. Miraza ya zama Birnin Ƙaya, Bakuro ya zama Ɗanladi. Ta karɓe fitilar ta ba shi sanda, ƙararrawa ta zama tambari, gadoji suka zama koguna uku da ake hayewa da kwalekwale. Aikin bai yi mata wuya ba, irin wanda ta saba ne, a ba ka takarda a ce canza nan da nan. Abu ɗaya ne ya riƙa ba ta matsala. Duk inda ta zo sunan mutumin, yatsunta sai su buga tsohon kafin ta ankara. Sai ta tsaya, ta shafa farin ruwan gogewa, ta hura ya bushe, ta buga sabon a kai. Ta ƙarar da kwalba biyu.

Barista Jibrin ya duba ya ce babu sauran abin kowa a ciki. Aka zana sabon bango, mace da tulu a bakin rijiya, bayanta ganuwa. Sabon bugun ya fi na farko tafiya, don labarin yankan ya bazu, kowa na son ya ga littafin da mutanen Japan suka hana. Waɗanda suka karanta duka biyun suka ce ba su ga wani bambanci ba, wasu ma suka ce na biyun ya fi, sunayen sun fi daɗin faɗa. Alhaji Mati ya huce, ya fara maganar littafi na biyu. Ta ce za ta duba. Kwafin da ya aiko mata ba ta buɗe ba.

Amsar Japan ta zo bayan wata bakwai, ta adireshin ofis. Masinja ya ajiye mata a kan tebur da safe, ambulan fari mai kauri. Sakin layi biyu ne. Sun yi mata ta'aziyyar ɗan'uwanta, sun gode da ƙaunar da ta nuna wa wasansu. Sun ce ƙa'idar kamfani ba ta ba su damar ba wa kowa izinin amfani da sunayen a abin sayarwa ba, suna fatan za ta fahimta. Wani ya sa hannu da shuɗin biro.

Ta karanta sau ɗaya. Ta lura tafiretarsu mai kyau ce, babu harafin da ya fi wani baƙi.

Sadiyatu, wadda ke tebur na kusa da nata, ta leƙo.

"Anti Tabita, wannan daga ina? Kai, ji kan sarki mai kyau, har da tsuntsu. Kina so?"

"Ɗauki."

"In yage?"

"Kawo in cire miki, kada ki ɓata shi."

Ta sa reza ta yanke kusurwar ambulan ɗin a hankali ta miƙa mata. Wasiƙar ta sa a aljihun tebur. Akwai sanarwar taron ma'aikata da ake jira kafin ƙarfe goma sha biyu, kwafi shida. Ta jera takardu da kabon, ta daidaita gefensu, ta murɗa su cikin tafireta ta fara bugawa.